Tsatsar da Golf GTI ta taho da ita daga Jamus

Golf GTI ɗin da nake gyarawa ƙirar 1989 ce, mai injin lita 1.8 da bawul 16, kuma har yanzu injin nata yana da lafiyar da za ta kunyata motocin zamani da dama. Jikinta ne ya gaji. A Jamus ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi domin ƙanƙara ta narke, ruwan gishirin kuma ya maƙale a ƙarƙashin mota yana cin ƙarfe daga ciki, shekaru kafin ta sauka a Kwatano.

Da muka ɗaga kafet ɗin ɓangaren direba, sai ga rami wanda yatsu uku suke shiga, gefensa yana marmashewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Mai walda ya so ya shafe wurin ya fesa fenti, amma na dage a yanke duk ƙarfen da ya ruɓe a liƙa sabo, domin tsatsar da aka rufe takan kumburo fenti bayan damina. Saura mazaunin batir da gefen gilashin gaba, waɗanda za su jira albashin wata mai zuwa.