Abin da gugar bawul ta koya mini a gyaran kan injin tsohuwar mota

Mutane da yawa idan suka sauke kan silinda na tsohuwar mota, duk fatansu yakan koma kan gugar bawul, wato murfin ƙarfe mai doguwar ƙafa da ke buɗewa da rufe hanyar shigar mai ko fitar hayaƙi, suna ganin ita ce za ta maido wa injin matsin iskar cikin silinda da ya rasa. Abin da na fahimta a wannan aiki shi ne guga tana da iyaka ƙanƙanuwa, domin abin da take iya yi bai wuce share ƙananan tabo da daidaita fuskar bawul da mazauninsa ba, kuma duk lahanin da ya fi wannan girma sai an gyara shi kafin a taɓa man guga, wato man nan mai ƙwayoyi kamar yashi da ke cin ƙarfe.

Shi ya sa nake fara duba bututun da ƙafar bawul ke bi. Idan ya ci har bawul na kaɗawa a ciki, to duk yadda aka goge, bawul ɗin ba zai riƙa sauka wuri ɗaya ba, kuma cikin ɗan lokaci zai koma yoyo. Mazaunin da ya ƙone ko ya yi ramuka yankewa yake buƙata da na'ura, galibi a kusurwar digiri 45, a ƙara yanka na 30 da na 60 a sama da ƙasa domin a tsuke faɗinsa. Shi kuma bawul ɗin da gefensa ya sirance ya gaza kusan milimita 0.8, canji kawai ya dace da shi, saboda bakinsa zai yi jawur da zafi ya ƙone.

Ita kanta gugar aikin hannu ce mai son natsuwa. Ana ɗiga man guga kaɗan a fuskar bawul, a shafa wa ƙafarsa man inji, a manna robar da ke bakin sandar guga a kansa, sannan a riƙa murza sandar tsakanin tafuka biyu kamar mai burga miya da maburgi. Bayan 'yan murzawa sai a ɗaga bawul, a juya shi kaɗan, a sake sauke shi, domin man ya watsu kuma kada ya tona layi a wuri guda. Kunne ne ke ba da labari a nan: da farko ana jin ƙarar yashi mai kaushi, a hankali ta yi laushi ta koma shuu, alamar man ya niƙe. Masu ɗaura bawul a injin huda su bar shi yana juyawa gefe ɗaya suna samun sauri, amma a ganina zobban da hakan ke bari a fuskar ƙarfe asara ce da ta fi ribar saurin.

Abin da ake nema shi ne zobe mai launin toka wanda ya zagaye fuskar bawul bai yanke ba, a kusa da tsakiyarta, faɗinsa kusan milimita 1.5 a bawul ɗin shigar mai, kusan 2 a na fitar hayaƙi. Wannan faɗi yana da dalili. Bawul ɗin hayaƙi yana aiki cikin zafin da kan kai digiri 700 a ma'aunin Celsius, kuma mafi yawan zafin ta mazauninsa yake tsiyayewa zuwa jikin kan silinda, saboda haka siririn zobe ba ya sanyaya shi, mai faɗi da yawa kuma yana rage ƙarfin dannawar sifirin har baƙin toka ya samu wurin maƙalewa. Yawan guga faɗaɗa zoben yake yi yana nutsar da bawul, don haka da zarar layin ya haɗe nake tsayawa. Don tabbatarwa, nakan zana layukan fensir a fuskar, in juya bawul kaɗan in ga ko duk sun goge, daga baya in ɗaura sifirin, in zuba kananzir a hanyar da mai ko hayaƙi ke bi zuwa bawul ɗin in duba ko zai tsatso.

Tsofaffin motoci suna da tasu matsalar ta daban. An ƙera yawancinsu ne a zamanin fetur mai dalma, wadda ke barin shimfiɗa mai kare mazaunin da aka yanka kai tsaye a baƙin ƙarfe. Amurka ta haramta irin wannan fetur a motocin titi a 1996, Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe da ta daina sayar da shi a 2021. Yanka da guga suna kwashe ragowar wannan kariya, saboda haka motar da za ta riƙa doguwar tafiya da gudu gara a dasa mata mazaunai masu tauri a ɓangaren hayaƙi tun ba a mayar da kan silindar ba.

Kowane bawul a raminsa yake komawa, shi ya sa nake soke su a kwali mai lamba tun wajen kwancewa. Man guga kuwa ko ƙwaya ɗaya ba a bari, domin idan ya shiga bututun ƙafar bawul zai ci gaba da cin ƙarfe injin na aiki, don haka sai an wanke kan da ruwan zafi da sabulu da buroshi, a busar, a shafa mai. Bayan an ɗora shi a sake saita tazarar bawul, wato ɗan gibin da ke tsakanin ƙarshen ƙafarsa da ƙarfen da ke danna shi, tunda kowannensu ya ɗan ƙara nutsewa fiye da inda yake a da.