Yadda na tsare waƙoƙin mahaifina kafin in ɗora su a intanet

Mahaifina ya rasu ya bar mini kwali biyu na kaset da faifan CD, mafi yawansu na makaɗan gargajiya ne da ya saya ko ya naɗa daga rediyo, kuma na kwashe kusan shekara guda ina mayar da su kan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Da na yi niyyar shiga wata manhajar sauraren waƙa ta biyan kuɗin wata-wata, abin da ya ja ni shi ne damar ɗora waƙoƙina a rumbunta domin in riƙa jin su a waya duk inda nake. Sai dai na daɗe ina jan ƙafa, saboda ina sane da cece-kucen da aka yi a 2015.

Ranar 30 ga Yunin shekarar aka buɗe Apple Music, manhajar sauraren waƙa ta kamfanin Apple. A wancan lokacin manhajar takan duba waƙoƙin da ke kwamfutar mutum, duk wadda ta samu irinta a rumbunta sai ta ajiye masa kwafin kamfani a madadin ta ɗauki tasa. Ba a taɓa fayil ɗin asali, amma idan mutum ya goge shi don neman fili, sannan ya sake sauke waƙar, abin da zai dawo masa kwafi ne mai makulli, wanda ake kira DRM, kuma ranar da ya daina biya ranar zai daina buɗuwa. Abin ya yi wa mutane ciwo ne musamman don kamfanin ya cire irin wannan makulli daga waƙoƙin da yake sayarwa a shagonsa na intanet mai suna iTunes tun 2009. A tsakiyar 2016 aka gyara tsarin, aka koma gane waƙa ta sautinta, aka kuma daina kulle abin da mutum ya mallaka.

Wannan ya sa na fara da sayen had dis biyu, na kwafe komai a kansu, na kai ɗaya gidan ƙanwata. Daga nan na ware waƙoƙi 30 na gwaji, na ɗora su, na goge su daga kwamfutar, na sake sauke su. Mafi yawan na kaset sun dawo yadda suke, har da ƙarar iskar tsohon kaset, domin babu irinsu a rumbun. Matsalar ta fito ne daga wata waƙa da mahaifina ya naɗa daga rediyo, wadda a farkonta ake jin muryar mai gabatar da shiri yana gaida masu sauraro, sannan maroƙi ya yi kirari kafin kalangu ya shigo. Abin da aka dawo mini da shi waƙar ce dai, tsaf babu ƙura, amma babu gaisuwar, babu kirarin, kuma wannan ɗan minti ɗaya shi ne abin da yake dawo mini da zaman da muke yi a zaure bayan sallar isha'i. Na zauna shiru na ɗan lokaci, duk da na san na asalin yana nan lafiya a wuri biyu.

Tun daga lokacin na ɗauki rumbun kamfani a matsayin wurin saurare kawai, ma'ajiyar kuwa tana hannuna. Duk waƙar da na sauke nakan zuba ta a memori in saka a rediyon mota, idan ta ƙi tashi a can, ba na lissafa ta cikin abin da na mallaka. Rufe manhajar waƙa ta Google Play Music a Disambar 2020, bayan an bar mutane suna ɗora waƙoƙi har 50,000 kowannensu, ya ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan wannan hanya. Kaset ɗin ma ban zubar ba, suna cikin kwalinsu a saman kabad, kuma duk bayan wata shida nakan karɓo had dis ɗin da ke gidan ƙanwata in buɗe waƙar nan mai kirari in tabbatar tana tashi.