Abin da na gani da na kai yara gasar Gothia

Gasar Gothia ta ƙwallon ƙafa ana yin ta ne duk watan Yuli a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin, tun 1975. Ƙungiyoyin yara sama da 1,500 daga ƙasashe fiye da 70 ke haɗuwa a mako guda, a buɗe taro a babban filin Ullevi, sannan a watsu a filayen gari. Ni kocin unguwa ne a Kano, 'yan ƙasa da shekara 14 na kai, da taimakon wani bawan Allah ɗan kasuwa wanda ya ɗauki nauyin kuɗin jirgi.

A ajin makaranta aka sauke mu, aka ture bencina gefe muka shimfiɗa katifu. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, don haka yara na gyangyaɗi suna jiran magariba, kafin barci ya yi nisa kuma gari ya waye. Abinci kuwa, ba don ƙullin yaji da garin kwaki da iyaye mata suka cusa a jaka ba, da wasu sun rame.

Wasanmu na farko a kan ciyawar roba aka yi, ana yayyafi. Yarana a yashi suka tashi, inda ƙwallo ke tafiya a hankali, ka tare ta, ka ɗaga kai, sannan ka yi shawara. A can gudu take kamar an kore ta. Akwai wani ɗan tsakiyar abokan karawarmu, ɗan firit, da na kasa ɗauke ido daga kansa. Kafin ƙwallo ta iso gare shi ya riga ya waiga hagu, ya waiga dama, taɓawa ɗaya ya sake ta inda babu kowa. Bai yanke mutum ko ɗaya ba, amma shi ya raba mu da wasan. Nawa kuwa sun fi su iya yanka nesa ba kusa ba, har 'yan kallo na tafi, sai dai duk wanda ya samu ƙwallo sai ya nuna gwaninta tukuna. Ga satar gida: ɗan gabana ya yi ta faɗawa tarko, yana juyowa yana ce mini, "Koci, wallahi ban yi ba!" Ya yi mana. A filinmu babu mai ɗaga tuta, to ina zai koya?

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a korar kowa bayan zagayen rukuni. Waɗanda suka yi sama su shiga zagayen A, sauran su shiga na B, kowa ya ci gaba da buga wasa. Mu a B muka faɗa, kuma a nan ne yarana suka fara sakin ƙwallo da wuri, ba don na yi tsawa ba, don sun ga abin da ya ci su.

Sai maganar shekaru, wadda ke bin duk ƙungiyar da ta fito daga Najeriya. Wani kocin ƙasar Norway ya dubi golana, dogon yaro, ya tambaye ni cikin murmushi ko da gaske 14 yake. Da gaske ne, amma ban ga laifinsa ba. Najeriya ta ci kofin duniya na matasa 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai ta. Amma tun da FIFA ta kawo gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don gane shekarun yara a 2009 ake ta jin kunya, har a 2016 aka zubar da 'yan wasa 26 daga sansanin Golden Eaglets, wato ƙungiyar matasan Najeriya, Nijar kuma ta fitar da mu. A 2009 ɗin nan Suwizalan ta doke mu 1-0 a wasan ƙarshe a Abuja, kuma Granit Xhaka da Ricardo Rodriguez na wannan tawaga sun shafe fiye da shekara goma suna buga wa babbar ƙungiyar ƙasarsu.

Tun kafin mu tashi, kawun wani yaro ya zo mini da takardar rantsuwar kotu, an zabge masa shekara uku. Na ce, "Baba, ni na san ranar sunan yaron nan, na ci tuwon." Ya yi fushi ya tafi. Ƙaton da aka saka cikin ƙanana ƙarfi ne ke fitar da shi, ba ya buƙatar tunani, ranar da ya gamu da sa'o'insa kuma sai a ga babu komai. Shi kuma ƙaramin da aka hana gurbi ya koma gida.

Iyaye da yawa sun ɗauka kasuwa muka tafi, za a sayi 'ya'yansu. Masu farautar 'yan wasa suna nan a bakin fili da littafi, gaskiya ne, wasu har da raba kati. Amma dokar FIFA ta hana sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a 'yan wasu yanayi da ba su shafi irin yaranmu ba. Dubi Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima ta Accra: shekaru ya yi a makarantar Right to Dream yana karatu yana atisaye, sai a 2018 ya tafi Nordsjaelland ta Danmak, daga can Ajax ta ɗauke shi a 2020. Victor Osimhen ma, da ƙwallaye 10 ɗinsa a kofin duniya na matasa a Chili a 2015, sai da ya cika shekarun ya koma Wolfsburg ta Jamus, kuma bai ci ko ɗaya a can ba sai da ya je Beljiyam.

Da muka dawo na rage girman fili, na koma huɗu da huɗu, taɓawa biyu. Wanda ya karɓi ƙwallo bai waiga ba, na busa usur a ba abokan hamayya. Na sa aka ɗinka tuta biyu da ragowar yadi, yaran benci ke riƙewa. Na buɗe littafi, kowane sabon yaro ya kawo katin rigakafi ko shaidar makarantar firamare kafin ya taɓa riga. A gasar unguwanni da muke shiryawa lokacin hutu kuma na matsa aka saka zagayen B, duk da wasu kocina sun ce ɓata lokaci ne.

Da Alhajin da ya biya mana kuɗin jirgi ya sake kirana kan tafiya, na roƙe shi ya raba kuɗin. Kuɗin jirgin yaro ɗaya ya isa ƙwallaye da takalman ƙungiya gaba ɗaya, Maraɗi da Damagaram kuma mota ce ke kai mutum, a samu baƙin abokan karawa da salon da ba a saba ba. Na ce masa Turai a bari sai bayan shekara uku-uku, kuma a tafi da ƙaramin koci ɗaya ko biyu su zauna a bakin fili da littafi. Ya ce zai yi tunani.