Asabar, a zauren Billy Higgins

Yau bayan sallar azahar na shiga bas zuwa unguwar Leimert Park da ke Los Angeles, domin in ga World Stage da idona, wato ƙaramin zauren da makaɗin gangar jazz Billy Higgins ya kafa tare da sha'iri Kamau Daáood a 1989. Tun da na zo karatu Amurka nake da wannan niyya, sai yau Allah ya nufa.

Na tarar da wani dattijo yana koya wa yaro riƙon sandar kiɗa, kuma abin da ya fi nanata masa shi ne ya rage ƙarfin hannu, ya saurari mai fiyano. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin a kanta Higgins ya gina rayuwarsa. An haife shi a wannan gari a 1936, ya yi suna tare da mai busa saksofon Ornette Coleman a ƙarshen shekarun 1950, daga nan kamfanin Blue Note ya riƙa kiransa ɗaukar faifai bayan faifai. Aikinsa shi ne ya isa situdiyo, ya fahimci abin da mai faifan yake nufi cikin ɗan lokaci, ya ba shi kiɗan da zai tsaya a kai, a biya shi ya tafi, sunan wani a gaban faifan, nasa kuwa a baya da ƙananan baƙaƙe. Ya yi haka a ɗaruruwan fayafayai, kuma ya shahara da murmushin da ba ya barin fuskarsa idan yana kiɗa.

Ban san ya musulunta ba sai kwanan baya, kuma tun daga lokacin nake saka shi cikin addu'a. Ciwon hanta ya wahalar da shi ƙwarai kafin rasuwarsa a watan Mayun 2001.

Da na dawo masauki na kunna faifan The Sidewinder na mai busa ƙaho Lee Morgan, wanda aka ɗauka a Disambar 1963, Higgins ne ya kaɗa ganga a cikinsa. Na daɗe ina jin faifan nan saboda mai busa ƙaho, amma a daren yau gangar kaɗai na bi tun daga farko har ƙarshe, sannan na sake maimaitawa sau biyu kafin in tashi sallar isha'i.