Tarakta ko injin yankan ciyawa?

Wani abokina mai kula da fulawa a Lekki, can Legas, ya ce wai ogansa zai sayi tarakta saboda ciyawar gida. Haba dai! Tarakta fa ta gona ce, irin su Massey Ferguson da ake huɗa da su a Arewa, da damina nauyinta kaɗai ya isa ta nutse a ƙasar Lekki, yashi ne ga ruwa kwance, taya ta bar maka rami, sannan sai ka sayo abin yankan daban ka ɗaura mata a baya, ga kuɗin gas. Injin yankan ciyawa da ake turawa da hannu kuwa ɗan fetur, yana shiga har gindin katanga. In filin ƙwallo ne ko na makaranta, nan kam a nemi wanda ake hawa.