Mu 'yan ajin 2014

Ajinmu ba shi da hoton kammala sakandare. Na gaba da mu sun yi walima, sun ɗinka anko, mu kuwa cewa aka yi kowa ya kama gabansa.

Tun Mayun 2013 da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya, karatu ya koma yau akwai gobe babu. Bayan harin da Boko Haram ta kai makarantar sakandare ta Buni Yadi a Fabrairun 2014 iyaye suka fara janye 'ya'yansu, a watan Maris kuma aka rufe makarantun gwamnati a Borno. Daga ɗan garinmu muka tattara zuwa Maiduguri don zana WAEC, muna raɓe a gidajen dangi, muna bita da tocila. Malaminmu na lissafi, Allah ya saka masa da alheri, a ƙafa yake bin mu gida-gida kafin lokacin hana fita.

Yanzu a zaurenmu na WhatsApp akwai nas, akwai soja, akwai mai gyaran waya a Kano. Wasu 'yan matan ajin a sansanin gudun hijira aka aurar da su, ko sakamakonsu ba su karɓa ba. Wasu kuma har yau babu labarinsu. Don Allah duk wanda ya san inda wani ɗan ajinmu yake, ya yi mini magana.