Saƙon godiya bayan taron shekara na ƙungiyar Phi Theta Kappa a Olando

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya kai mu birnin Olando na jihar Fulorida lafiya, Ya kuma dawo da mu Niyok lafiya, bayan kammala babban taron shekara na ƙungiyar Phi Theta Kappa na 2024, wanda ake kira Catalyst. A wannan taro ne aka karrama ni tare da sauran ɗaliban da suka shiga jerin Coca-Cola Academic Team na shekarar, inda na samu matakin tagulla da tallafin karatu na dala 1,000. Saƙonnin taya murna sun yi yawan da ba zan iya amsa kowanne shi kaɗai ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta godiyata a fili, in kuma yi wa 'yan uwa bayanin abin da ake taya ni murna a kansa, domin da yawa sun yi addu'a ba tare da sun san ƙungiyar ba.

Phi Theta Kappa ƙungiya ce ta karrama ɗaliban da suka yi fice a kwalejojin shekara biyu na Amurka. An kafa ta a 1918 a jihar Mizuri, a tsakanin kwalejojin 'yan mata, kuma a 1929 ƙungiyar kwalejojin shekara biyu ta ƙasar ta amince da ita a hukumance. Hedikwatarta tana birnin Jakson na jihar Misisifi, tana kuma da rassa fiye da 1,200. Gayyata ake aiko wa ɗalibi, galibi bayan ya kammala kwasa-kwasai masu nauyin kiredit 12 da matsakaicin maki 3.5 cikin 4, sannan ya biya kuɗin shiga sau ɗaya tak.

A nan godiyata ta farko take, kuma ta Kawu ce. Lokacin da takardar gayyata ta iso gida, Inna ta ƙi amincewa, saboda sunan ƙungiyar haruffan Girkanci ne, ita kuma abin da ta sani game da ƙungiyoyin ɗalibai masu baƙin suna shi ne ƙungiyoyin asiri da suka addabi wasu jami'o'in Najeriya. Tsoronta tsoron uwa ne, kuma ban ga laifinta ba. Kawu ne ya bar tasinsa ya bi ni har kwaleji, ya zauna da malamar da ke kula da reshenmu, ya yi mata tambayoyi har ya gamsu cewa babu rantsuwar ɓoye kuma babu taron dare, ya dawo ya lallashi ƙanwarsa, sannan ya biya kuɗin shigar daga aljihunsa. Kawu, Allah Ya saka maka da alheri, Ya tsare ka a kan hanya. Inna, na gode da kika sauko, kuma na gode da addu'ar da ba ki taɓa yankewa ba. Baba kuwa, duk da nisan da ke tsakaninmu, bai bar zangon karatu ya wuce ba tare da ya nemi a karanta masa sakamakona ta waya ba.

Godiya ta biyu ta malamar reshenmu ce, kuma ita ce mafi wahalar biya. Tallafin Coca-Cola ba a nemansa kai tsaye, sai kwaleji ta zaɓi ɗalibi ta miƙa sunansa, kuma guraben da ake ba kowace kwaleji 'yan kaɗan ne. Takardar nema guda ɗaya ce take buɗe ƙofofi da dama: a 2024, daga cikinta aka fitar da ɗalibai 20 na All-USA Academic Team, waɗanda suka samu dala 5,000 kowanne, daga cikinta kuma aka fitar da ɗalibai 150 na jerin Coca-Cola, 50 a matakin zinariya da dala 1,500, 50 a matakin azurfa da dala 1,250, sai 50 a matakin tagulla. Zuciyar takardar ita ce maƙalar da ɗalibi zai bayyana wani aiki guda da ya yi wa al'ummarsa da iliminsa. Ni a tunanina ba ni da abin rubutawa, domin koyar da yara lissafi ranar Asabar bayan an tashi daga Islamiyya ban ɗauke shi aikin da ake kai wa gaban alƙalan gasa ba. Malamar ce ta nuna mini cewa shi ne ainihin abin da ake nema, ta kuma riƙa mayar mini da rubutun da gyara har sai da ya daina yabon kai ya koma bayanin abin da yaran suka iya bayan ba su iya ba. Ga limamin masallacinmu da ya ba mu ɗakin karatun, da iyayen da suka amince mini da 'ya'yansu, ina cewa wannan lambar taku ce tare da ni.

Akwai wanda ya tambaye ni ko dala 1,000 ta kai a yi mata wannan hidima a ƙasar da kuɗin jami'a na shekara ɗaya ke iya cinye dubun-dubatar daloli. Tambaya ce mai ma'ana. Amsata ita ce kuɗin yana zuwa ne daidai gaɓar da ɗalibai irina suka fi faɗuwa, wato lokacin ƙaura daga kwalejin shekara biyu zuwa jami'ar da za a ƙarasa digiri, inda kuɗin ajiyar gurbi da na littattafai da na sufuri ke haɗuwa lokaci guda. Bayan haka, ɗaruruwan jami'o'i suna ware rangwame na musamman ga 'yan wannan ƙungiya, kuma ita kanta tana da manyan tallafi irin su Hites da Guistwhite ga masu shirin ƙaura. A wurin taron na zagaya rumfunan jami'o'i na yi magana da jami'an ɗaukar ɗalibai ido da ido, kuma a ganina wannan zagayen ya fi bikin daren ƙarshe amfani, duk da ƙayatarwar bikin.

Tafiyar kanta ba za ta yiwu ba in ba don matan adashin unguwarmu ta Bronx ba. Kwaleji ta ɗauki nauyin rajista da masauki, su kuma suka haɗa mini kuɗin guzuri, Goggo ta ƙara da dambun nama da dabino. Amfanin wannan guzuri ya bayyana da wuri, domin taron ya faɗo a farkon Afrilu, cikin goman ƙarshe na Ramadan. Na san matafiyi yana da sauƙin ajiye azumi, amma na zaɓi in riƙe nawa, kuma abokan tafiyata, waɗanda ba Musulmi ba ne, suka riƙa ajiye mini abinci don sahur, suna duba agogo tare da ni idan magariba ta kusa, suna kuma riƙe mini kujera a babban zaure idan na fita salla. A cikin dubban mutane, wannan kulawa ba ƙaramin abu ba ce, kuma na gode musu ɗaya bayan ɗaya. Ina kuma taya wakilin reshenmu murna, wanda ya jefa ƙuri'armu a zaɓen shugabannin ɗalibai na ƙungiyar bayan ya saurari ra'ayin kowa a cikinmu.

Ga ƙannena da ke kwalejojin shekara biyu, 'yan Najeriya da Nijar da Gana da muke haɗuwa a masallaci, ina roƙon duk wanda gayyatar ta zo masa kada ya share ta kafin ya nuna wa malamin da ke kula da reshen kwalejinsa, ya tambaye shi kuma ko akwai taimako ga wanda kuɗin shiga ya yi masa nauyi. Ana buɗe neman manyan tallafin ne a zangon kaka, a rufe kafin ƙarshen shekara. In Allah Ya kai mu lokacin, zan zauna a ɗakin karatun masallaci ranar Asabar bayan darasin yara, domin duba maƙalar duk wanda ya kawo, kuma iyayen da ke da irin shakkar da Inna ta yi suna iya zuwa, Kawu ya ce zai amsa musu da kansa.